Zangarnawan Gonar Gabas

Bodinga,
6 ga Mayu.

Zuwa ga ƙanena Maniru,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Tani da yara da duk mutanen Horo Birni. Ya jiki, ya kuma zafin bazara? Mu nan sai godiya, ban da kunnena da ya ƙara nisa.

Nura mai kawo albasa kasuwa ya tsaya ƙofar gida jiya, ya shaida mini an cire maka yanar idon nan a Sakkwato, har ka dawo gida kana bambance akuyarka da ta maƙwabta. Alhamdu lillahi. Na so in zo asibiti, gwiwa ta hana. Waya kuwa ka san yadda muke ƙarewa da ita: kai kana ihu daga can, ni ina "na'am" daga nan, a rabu ba wanda ya ji wani. To yanzu Allah ya raba gardama. Kai ka samu ido, ni kuma shekara talatin da biyar ina koyarwa, hannuna bai manta rubutu ba. Sai mu koma takarda, Nura ya riƙa ɗauka mana.

Ya kuma ba ni labarin wata fura da Tani ta dama ranar da ka dawo. Wai duk wanda ya zo gaishe ka sai da ya nemi ƙari, har liman ya ce rabonsa da irinta tun Inna tana da rai. An ce kai kaɗai ka tashi da ƙwarya guda, kana lasar ludayi. Sannu, majinyaci. Ka ce wa matarmu ina jiran nawa curin.

Amma abin da ya sa na ɗauki biro daban ne. Nura ya ce tun washegarin furar nan ba ka da walwala, kana zama bakin rumbu kai kaɗai, in an yi maka magana ka ce ba komai. Na san ka tun kana yawo ba wando, "ba komai" ɗinka bai taɓa zuwa shi kaɗai ba. In idon ne ke ciwo ka koma wurin likita. In wani abu ne ka rubuto mini.

Ka gaida kowa da kowa. Wassalam.

Yayarka,
Hadizatu.

*

Horo Birni,
10 ga Mayu.

Zuwa ga Yaya Hadizatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Takardarki ta iso, kuma da idona na karanta ta, abin da ban yi ba shekara huɗu. Ido lahiya lau.

Yaya, hurar nan ce damuwata. Geron Inna ne anka daka, damin iri da na ware tun kaka. Kin san gonar gabas kaɗai nake shuka shi, kuma 'yar ƙarama ce, na ci ya ƙare tun azumi. Sauran abin da ke rumbu sabon iri ne. Ba a bar ko zangarniya guda ba. Na duba bakin turmi da sabon idon nan, kaji sun riga ni.

Za ki tambayi ƙaƙa haka ta faru. Sai na tuna miki daga farko, tunda ke kin daɗe da aje zancen. Shekarar da Baba ya rasu kina da sha biyu, ina da shida, Inna ta riƙa tura mu gonar gabas korar tsuntsayen jan-baki. Mu hau rumfar kara mu yi ta jan igiyar gwangwanaye tun safe har la'asar, ni ina kuka ina son gida. Ran nan kinka tanƙwaro zangarniya kinka ce in duba da kyau, akwai mutane ciki. Kinka ce sunansu Zangarnawa. Kowace ƙwayar gero ɗakin mutum guda ce, kowace zangarniya gari ce, dogon gashin nan na geron Inna da ke tsone wa tsuntsu ido kuwa mashinsu ne na yaƙi.

Ban manta komi ba. Ba su cewa ina kwana, don iska ke kaɗa garinsu dare da rana. Sai mutum ya ce, "Ina iska?" a amsa mashi, "Ta kai mu, ta maido mu." Ba su ƙirga shekara, ruwan sama suke ƙirgawa, wanda ya ga ruwa ashirin ya zama dattijo. Sarauta gudunta suke yi, don can tsinin zangarniya ake aje sarki, inda tsuntsu ke fara sauka. In mutum biyu sunka yi faɗa, ɗigon raɓa guda ake aza musu su kai wa tsohuwar gari, in ya fashe a hanya gobe su sake, har su koyi tahiya tare. Kuma sun yarda duniya damina guda ce. In an yi girbi kowa ya shiga rumbu, waɗanda anka zaɓa iri su haddace sunayen duk mutanen gari. Ranar da sunka tsiro sai su kira sunayen ɗaya bayan ɗaya, gari ya dawo.

Sai babbar doka: ba a nuna damin iri da yatsa, ba a kiran sunansa, ba a faɗa wa kowa inda yake, don jan-baki na da kunne. Na san wasa ne, Yaya. Allah ke tsirar da shuka, ba wani ba. Amma tun da gonar ta dawo hannuna ban taɓa karya dokar nan ba. Ni ke zaɓen iri, in ɗaure, in tura can ƙuryar rumbu, in ja bakina. Ni ke shiga in fiddo abin da za a ci. Tani shekara talatin tana gidanga, ba ta taɓa leƙa rumbun ba sai da na kwanta asibiti. Ta ga dami mai dogayen zangarku, tac ce maigida ya dawo da ido, ba za a dama mashi geron banza ba.

Ludayin farko na ce mata yau ta tuna mini Inna. Ko a raina ban kawo komi ba, na yi ta sha. Washegari na hau rumbu.

Ban faɗa mata ba har yanzu, ban san ta inda zan fara ba. Ke kinka kafa musu dokoki, don haka ke zan tambaya. Mi Zangarnawa ke yi in gari ya tahi duka, har da masu riƙe da sunaye?

Tani na gaishe ki. Allah ya ƙara girma.

Ƙanenki,
Maniru.

*

Bodinga,
14 ga Mayu.

Ƙanena Maniru,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da gida duka, da fatan ido yana ƙara washewa.

Sau biyu na karanta takardarka. Karon farko na yi dariya har maƙwabciyata Nana Fatima ta leƙo ta katanga ta ga ko lafiya. Karo na biyu ban yi dariya ba. Geron nan kakarmu ta ba Inna, Inna ta riƙe shi har cikin shekarun fari da mutane suka cinye irinsu, kai ka riƙe bayanta. Na san abin da ka rasa, kuma raina ya ɓaci ƙwarai.

Amma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, bari in faɗa maka gaskiya. Dokar shirun nan kai ne sanadinta. Tun ranar da na nuna maka Zangarnawa bakinka bai sake rufuwa ba: wa ya haifi sarkinsu, suna da awaki, ina suke fitsari. Kaina ya yi ta sarawa. Sai na ce maka jan-baki na da kunne, mai yawan zancen iri zai jawo musu halaka, don kawai in samu in yi gyangyaɗi a rumfa. Ka yi tsit, na ji daɗi, na manta da zancen. Ashe kai ka ɗauke ta ka kai ta har gidan aure. Shekara talatin mace tana dafa maka abinci, kana ɓoye mata dami kada tsuntsu ya ji. Wallahi da ina kusa da na ja kunnenka, duk da furfurar nan taka.

Ka je ka faɗa wa Tani yau, ba gobe ba. Ba ta yi laifi ba. Mafi kyau ta zaɓar maka, kuma idonta ya faɗa daidai inda naka ya faɗa tun kaka. Tana ganin kana zaman makoki bakin rumbu tun ranar da ka sha furarta, me kake so ta ɗauka?

Tambayarka kuwa, tunda har yanzu ni ce alƙaliyarsu, ga hukunci. Zangarnawa ba su tsoron turmi. Sun yarda wanda aka daka aka ci bai ɓata ba, ya koma ƙarfi ne a damtsen manomi, da shi za a yi wa na baya noma. Abin kunya a wurinsu shi ne ƙwaro ya ci mutum a rumbu ba wanda ya amfana. To ka ga mutanenka sun tafi ta hanyar mutunci, rabi a cikinka, rabi a cikin liman. Sannan ka gyara karatunka, dattijonsu ruwa sha bakwai ne, ba ashirin ba.

Ka tambaya a Kajiji da Sifawa. Inna mai kyauta ce, ta yiwu ta taɓa ba wani. Kuma kada ka yi gaggawar zuba sabon iri a gonar gabas.

Allah ya kai mu damina lafiya. Wassalam.

Yayarka,
Hadizatu.

*

Horo Birni,
27 ga Mayu.

Yaya Hadizatu,

Wa alaikumus salam. Ina gaisuwa, ina kuma neman afuwar jinkiri, yawo na yi.

Da na kai wurin zancen gyangyaɗinki sai na aje takarda na daɗe ina kallon rumbu. Daga baya dariya ta kama ni ni kaɗai, har yara sunka zaci zafi ya taɓa mini kai. Na yafe. Amma ruwa ashirin ne, ke da bakinki kinka ce yatsun hannu da na ƙafa.

Na zaunar da Tani gindin dogon yaro bayan la'asar, na faɗa mata komi, daga iri har Zangarnawa. Ta fara kuka saboda irin. Da ta gane dalilin ɓoyon sai kukan ya koma fushi, yini guda tana aje mini tuwo ba ko sannu. Rana ta biyu kuma tambaya ta ɓarke, ta fi ni ina ɗan shekara shida. Tac ce da ta san da mutane ciki, ai ko sallama ta yi musu kafin ta zuba su turmi. Yanzu mun shirya, har na ji gida ya fi da daɗin zama.

Nura ya kai ni Kajiji bisa babur. Kowa na tambaya sai ya ce an bar gero mai gashi tun tuni, yana sa mata ƙaiƙayi wurin sussuka, ga shi ba ya saurin nuna. A Sifawa anka kai ni wurin wani tsoho, Ɗanmalam, ya fiddo mini wata zangarniya mai gashi. Da na tauna ƙwaya guda na san ba shi ba ne. Gashinta gajere, kuma babu zaƙin nan da ke zuwa daga baya. Na yi mashi godiya na taho.

Hadari ya fara haɗuwa gabas. Na yanke shawara, in ruwan shuka ya sauka zan sa sabon iri, don gona ba ta zama haka nan saboda mai ita yana baƙin ciki. Na ci geron Inna shekara hamsin da biyar, na kuma sha na ƙarshensa da bakina. Wanda ya samu haka ba ya cewa Allah bai ba shi ba.

Tunda an buɗe rumbu bari a share shi duka. Akwai abin da ban taɓa faɗa miki ba. Ana gobe za a kai ki gidan miji Bodinga, ina da sha uku, na shigo ɗaki kina cikin ƙawayenki na kwalejin malamai, na ce miki, "Ina iska?" Kinka dube ni kinka ce, "Ka girma mana, Maniru. Babu wasu Zangarnawa." Sunka yi dariya, na fita. Ban sake gaishe ki haka ba. Ina jin shi ya sa na riƙe su da ƙarfi, don na ga ni kaɗai na rage musu. Ya yi mini zafi lokacin, amma ya wuce, ba don ki damu na faɗa ba.

Tani na da tambaya, tac ce lallai in rubuta. Ita da anka kawo ta daga Kajiji, ta ƙullo irin kuɓewar uwarta a bakin zane, har yau ita muke miya da ita. Wai su mutanen nan namu ba su da ɗiya mata da ke aure wani gari? Na ce mata ban sani ba, ba a kai nan ba malama ta rufe makaranta.

Allah ya bar zumunci.

Ƙanenki,
Maniru.

*

Bodinga,
30 ga Mayu.

Ƙanena Maniru,

Assalamu alaikum, da fatan kun tashi lafiya. Nura zai ba ka takardar nan tare da wani ƙullin buhu. Ka kira Tani kafin ka kwance shi, a gabanta nake so.

Ka gaya mata ta fi mu hankali, mu biyun duka. Suna da 'ya'ya mata, kuma akwai doka a kansu. Ita ce ta ƙarshe da na kafa, ban taɓa faɗa wa kowa ba. 'Yar Zangarnawa ba ta barin gari hannu sake. Tana tafiya da sunayen mutanenta, ta dasa su inda ta sauka, ko da a bayan ɗaki ne, don kada a wayi gari duk sunaye suna rumbu guda.

Maganar da na faɗa maka ranar nan, ban manta ta ba. Tsoron tafiya nake ji, ga son 'yan kwaleji su ga na waye. Na ga fuskarka lokacin da ka juya. Da safe, mata suna ta ɗora kaya a mota, na zame na hau rumbu, na zaro zangarniya guda daga damin irin Inna, na tura ta cikin kwalla ƙarƙashin zannuwa. Shekara arba'in da biyu ke nan ina shuka rami goma sha biyu a bayan ɗakin girki. Maigidana marigayi Malam Saminu ya taɓa tambayata, na ce don koyar da 'yan aji huɗu ne. Ya yi murmushi bai sake tambaya ba, amma duk shekara shi ke ɗaura musu tsumma saboda tsuntsaye. Kai kuma manomi ne, ba ka taɓa zuwa Bodinga da damina ka wuce zaure ba.

Za ka ce me ya hana ni faɗa tun takardarka ta farko. Bara ƙwari sun shigar mini, zangarniya tara kawai na tsira da su, ban so in sa maka rai a banza. Na jiƙa ƙwaya ashirin a tsumma, sha shida suka tsiro. Daga nan ba ni da wata hujja sai kunya. Ni da na ce babu su a gaban mutane, da wane baki zan ce ina noma musu gari? Na yi ta jira ko za ka samu a Sifawa in tsira da asirina, har ka sha rana a kan babur da sabon ido. Ina yi maka faɗan shirun shekara talatin, nawa ya fi naka tsufa. Ka yafe mini wannan da wancan.

Bakwai naka, biyu nawa. 'Yan birni ne yanzu, sun saba da ruwan famfo da hayaniyar kasuwa, sai ka yi haƙuri da su.

Ka gaida matarmu da kyau. Wassalam.

Yayarka,
Hadizatu.

*

Horo Birni,
14 ga Yuni.

Yaya Hadizatu,

Wa alaikumus salam. Muna lahiya, muna cikin ni'ima.

Da munka kwance buhun na tauna ƙwaya guda, zaƙin ya zo daga baya. Shi ne. Na tashi na shiga ɗaki na ɗan jima, Tani ta bar ni. Babu abin yafewa, Yaya, amma in kina so a faɗa, na yafe har zuci.

Ruwan shuka ya sauka ranar shida ga wata. Ina gaba da sungumi, Tani na baya tana zuba iri tana rufewa da ƙafa. Bakwai ɗin sun ci fiye da rabin gona, saura na sa wake don kada wani gero ya gauraya da su. Kwana huɗu sunka fito, layi bayan layi. Tani ta tsaya bakin gona tac ce tunda sun daɗe a birni ƙila sun manta sunaye, bari a tuna musu. Ta kira kakarmu, ta kira Inna da Baba, ta kira Malam Saminu, munka yi musu addu'a. Da munka koma gida na tara yara na nuna musu ƙuryar rumbu da yatsa, na ce nan iri zai kwana bana, kowa ya sani.

Saura abu guda. Na girma kamar yadda kinka ce, har an yi mini aikin ido. Duk da haka zan sake gwadawa.

Yaya, ina iska?

Ƙanenki,
Maniru.

*

Bodinga,
17 ga Yuni.

Maniru,

Assalamu alaikum. Nawa goma sha biyun ma sun fito. Na bar maka ruwa ashirin ɗinka, kai ne mai gaskiya.

Shekara arba'in da biyu amsar nan tana bakina.

Ta kai mu, ƙanena, ta maido mu.

Yayarka,
Hadizatu.